Babi na Tara: Magajin Gari da Dandalin Jama'a: Nazari a Kan Gadon Kevin White a Birnin Boston

9.0 Gabatarwa

Kowane gari da ya amsa sunansa yana da wurin da mutanensa kan haɗu. A can ake ciniki, a can ake jin sanarwa, a can ake kai kuka ga mahukunta, kuma a can ake murna idan abin farin ciki ya samu. Irin wannan wuri yakan daɗe har mutane su ɗauka ba ya gushewa, alhali kuwa sa hannun shugaba ɗaya a takarda ya isa ya mayar da shi titi ko wurin ajiye motoci. A wannan babi an nazarci yadda wani dandali mai tarihi a birnin Boston na ƙasar Amurka ya kusa salwanta, da kuma ƙoƙarin da magajin garin birnin, Kevin White, ya yi wajen raya shi tsakanin shekarar 1968 da 1978. An zaɓi wannan batu ne a matsayin samfurin rubutun zube na bayanin tarihi, domin ɗalibi mai shirin zama malami ya ga yadda ake tsara labarin wata ƙasa cikin daidaitacciyar Hausa, da kuma yadda ake auna aikin shugaba ba tare da an zarce cikin yabo ko kushe ba.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana ma'anar dandali da magajin gari da gado kamar yadda aka yi amfani da su a nan;
ii. kawo tarihin Zauren Faneuil da Kasuwar Quincy a taƙaice;
iii. zayyana matakan da aka ɗauka wajen raya dandalin a zamanin Kevin White;
iv. tantance ribar aikin da kuma hasararsa;
v. tsara darasin auna fahimta ta amfani da wannan matani.

9.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Dandali: A al'adar Bahaushe, dandali fili ne a tsakiyar gari ko unguwa inda jama'a kan taru, musamman yara da matasa, domin wasanni da hira. A wannan babi an faɗaɗa ma'anar kalmar ta ƙunshi duk wani wuri, mai rufi ko maras rufi, wanda kowa ke da ikon shiga ba sai an gayyace shi ba.

Magajin Gari: Asalin wannan kalma sarauta ce a wasu masarautun ƙasar Hausa, kamar Sakkwato da Katsina da Zazzau. 'Yan jarida da masu fassara sun aro ta domin kiran shugaban birni a ƙasashen waje. Sai dai akwai bambanci, domin magajin garin Boston zaɓensa ake yi da ƙuri'a, kuma wa'adinsa shekara huɗu ne, sai a sake zaɓe.

Gado: Ana nufin abin da mutum ya bari a bayansa, dukiya ce ko aiki ko suna. Gadon shugaba shi ne abin da ya rage a hannun jama'a bayan ya sauka daga mulki, mai kyau ne ko akasin haka.

9.3 Asalin Zauren Faneuil

Turawan Ingila ne suka kafa garin Boston a shekarar 1630, a gaɓar tekun Atilantika, kuma shi ne hedikwatar jihar Massachusetts. Tun farko mutanen garin sun saba da wani tsari da ake kira taron gari, wato magidanta masu ikon ƙuri'a su haɗu wuri ɗaya su yanke shawara a kan haraji da hanyoyi da makarantu. Abin da garin ya rasa shi ne tsayayyar kasuwa. Da yawa daga cikin mazauna garin sun fi son 'yan talla masu bi gida-gida, domin suna tsoron kasuwar hukuma za ta jawo tsadar kaya. Ƙiyayyar ta kai har a shekarar 1737 wasu mutane suka rushe ginin kasuwa da hukuma ta yi.

A shekarar 1740 wani attajiri mai suna Peter Faneuil, wanda mutanen Boston kan furta sunansa kamar "Fanyal", ya yi tayin gina wa garin kasuwa da kuɗinsa. Duk da cewa kyauta ce, da ƙyar aka karɓa, domin mutum 367 ne suka amince, 360 suka ƙi. Ke nan ƙuri'a bakwai kacal ce ta raba gardamar. An kammala ginin a 1742 bisa tsari mai hawa biyu: rumfunan ciniki a ƙasa, babban zauren taro a sama. A ƙololuwar ginin aka kafa wata alama ta ƙarfe mai siffar fara, wadda ke nuna inda iska ta dosa. Gobara ta cinye ginin a 1761, aka sake gina shi, daga baya kuma magini Charles Bulfinch ya ninka faɗinsa ya ƙara masa hawa na uku tsakanin 1805 da 1806.

Haɗa kasuwa da zauren shawara a gini ɗaya shi ne sirrin ƙarfin wannan wuri. Wanda ya zo sayen nama ko kifi yakan ji abin da ake tattaunawa a sama, wanda ya zo taro kuma yakan ratsa ta cikin talakawa kafin ya hau bene. A wannan zaure ne mutane irin su Samuel Adams da James Otis suka yi ta jawabai na ƙin harajin da majalisar Ingila ta ɗora wa mazauna Amurka a shekarun 1760. Lokacin da sojojin Ingila suka buɗe wuta a kan jama'a ranar 5 ga Maris, 1770, har mutum biyar suka mutu, a zauren aka fara taron neman a fitar da sojojin daga gari. A nan ne kuma aka ajiye gawar Crispus Attucks, wanda ke da jinin Afirka, kafin a kai shi makwanci. Haka nan a zauren aka soma tarurrukan da suka kai ga zubar da akwatunan ganyen shayi 342 cikin teku a watan Disamba na 1773. Wannan ya sa Amurkawa suka yi wa zauren laƙabi mai ma'anar "wurin renon 'yanci".

Akwai wani abu da bai kamata a ɓoye ba. Wani ɓangare na dukiyar Peter Faneuil daga cinikin bayin da ake ɗebowa daga Afirka ya fito, kuma shi kansa ya mallaki bayi a gidansa. Abin mamaki shi ne, zauren da aka gina da irin wannan dukiya shi ne daga baya ya zama mumbarin masu yaƙi da bauta. A nan Wendell Phillips ya yi jawabin da ya fito da sunansa a 1837, a nan kuma Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere ne daga bauta, ya sha tsayawa gaban jama'a. Masu neman a bai wa mata ikon ƙuri'a su ma sun yi tarurrukansu a cikinsa.

9.4 Kasuwar Quincy da Lalacewar Unguwar

A shekarar 1822 Boston ya bar tsarin taron gari ya koma tsarin birni mai magajin gari. Magajin gari na biyu, Josiah Quincy, wanda ya yi mulki daga 1823 zuwa 1828, ya tarar rumfunan da ke ƙarƙashin zauren sun yi wa jama'a kaɗan, ga ƙazanta da cunkoso a bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa. Sai ya sa aka cike gaɓar ruwan da ƙasa, aka gina doguwar kasuwa ta dutse mai tsawon ƙafa 535 a gabashin zauren, bisa zanen magini Alexander Parris. A hagu da dama aka jera dogayen gine-ginen ajiyar kaya guda biyu, wato Kasuwar Arewa da Kasuwar Kudu. An buɗe ta ranar 26 ga Agusta, 1826, jama'a kuma suka laƙaba mata sunan wanda ya gina ta. Fiye da shekara ɗari wannan wuri shi ne cibiyar cinikin nama da kifi da kayan lambu a birnin.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai al'amura suka sauya. Masu hali suka riƙa ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari, manyan kantuna suka bi su. Yawan mutanen birnin ya ragu daga kimanin 801,000 a 1950 zuwa kimanin 641,000 a 1970. A shekarun 1950 aka gina wata babbar hanyar mota a kan ginshiƙai, wadda ta ratsa tsakanin kasuwar da bakin teku ta raba su. Manyan motocin dakon kaya ba sa iya juyawa a matsattsun titunan unguwar, don haka 'yan sari suka koma sababbin wurare. Rufin gine-ginen ya fara yoyo, benaye suka zama kango.

A wancan zamani maganin da hukumomin Amurka suka sani ga tsohuwar unguwa shi ne rusau, abin da suke kira sabunta birni. Tsakanin 1958 da 1960 aka share unguwar West End ta Boston kusan gaba ɗaya, aka tashi dubban talakawa daga gidajensu. A farkon shekarun 1960 aka rushe dandalin Scollay, wanda ke daf da Zauren Faneuil, aka gina sabon ofishin magajin gari da wani makeken fili na bulo a gabansa. Shi zauren kansa yana da kariya, domin gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1960. Amma kasuwannin da ke bayansa suna cikin haɗari, kuma da an rushe su da zauren ya tsaya shi kaɗai kamar bishiya a tsakiyar gona, babu jama'ar da ke ba shi rai.

9.5 Kevin White da Aikin Raya Dandalin

An haifi Kevin White a Boston a shekarar 1929, a gidan 'yan siyasa. Ya riƙe muƙamin sakataren jihar Massachusetts kafin ya ci zaɓen magajin gari a 1967. Ya kama aiki a watan Janairu na 1968 yana da shekara 38, ya yi wa'adi huɗu a jere, wato shekara 16, ya sauka a farkon 1984.

Tun a watanninsa na farko ya ga abin da taron jama'a ke iya yi. An kashe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu, 1968, tarzoma ta ɓarke a birane da dama. Washegari mawaƙi James Brown yana da wasa a Boston, wasu kuma suka ba da shawarar a soke shi. White ya bari aka yi wasan, aka kuma watsa shi kai tsaye ta talabijin, shi kansa ya hau dandamali ya roƙi a zauna lafiya. Birnin ya kwana ba tare da irin ɓarnar da aka yi a wasu wurare ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba White ne ya fara tunanin ceton kasuwar ba. Tun zamanin wanda ya gada, John Collins, shugaban hukumar sabunta birnin, Edward Logue, da masana tarihi irin su Walter Muir Whitehill sun tsaya a kan kada a rushe ta, kuma a 1966 ita ma ta shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa. Sai dai hana rusau daban, raya wuri daban. Ginin da aka bari a tsaye ba tare da amfani ba, ruwa da ɓeraye ne za su ƙarasa aikin da katafila ba ta yi ba. Abin da ya rage wa White shi ne amsa tambaya mai wuya: me za a yi da wurin, kuma wa zai biya? Ana iya kasa matakan da gwamnatinsa ta ɗauka kamar haka:

(a) Gyaran jikin gine-gine: An yi amfani da tallafin gwamnatin tarayya aka gyara bango da rufi, aka cire ƙare-ƙaren da aka yi wa gine-ginen a tsawon shekaru, domin su koma kusa da siffarsu ta 1826.

(b) Riƙe mallaka: Birnin bai sayar da wurin ba. Haya aka bayar ta shekara 99, birni yana karɓar kasonsa daga kuɗin da ke shigowa. Zauren Faneuil kuwa bai shiga cikin hayar ba, ya ci gaba da zama a hannun birni.

(c) Zaɓen tsari: Magini Benjamin Thompson da matarsa Jane Thompson sun daɗe da shawarar a cika wurin da ƙananan 'yan kasuwa da masu abinci, a hana motoci shiga titunan da ke tsakanin gine-ginen, a sa bishiyoyi da kujerun zama. Kamfanin farko da aka bai wa aikin ya kasa. A 1973 gwamnatin White ta miƙa shi ga James Rouse, wanda aka sani da gina manyan kantuna a bayan gari. Wannan zaɓi ya jawo suka, domin wasu masu kishin tarihi suna ganin ɗan kasuwa zai ɓata wurin.

(d) Neman jari: Bankunan Boston sun yi ɗari-ɗari, domin a ganinsu babu mai barin kantunan bayan gari ya dawo tsakiyar birni sayayya. Sai da bankin Chase Manhattan na New York ya yarda ya ba da wani kaso, da sharaɗin bankunan gida su kawo nasu, sannan aka shawo kan gungunsu. Tsayawar magajin gari a bayan aikin ta taimaka wajen hana shi mutuwa a wannan mataki.

(e) Tsayar da lokaci: An ɗaura aikin da bikin cikar Amurka shekara 200 da samun 'yanci, wanda ya faɗo a 1976. Wannan ya hana jan ƙafa.

Duk wannan ya gudana ne a lokacin da birnin ke cikin mummunan rikici. A watan Yuni na 1974 alƙalin kotun tarayya, Arthur Garrity, ya yanke hukuncin cewa hukumar makarantun Boston ta raba yara baƙaƙe da farare da gangan, ya kuma ba da umarnin a riƙa ɗaukar ɗalibai a motocin safa zuwa makarantun wasu unguwanni domin a cakuɗa su. Aka yi ta jifar motocin da faɗace-faɗace. Ranar 5 ga Afrilu, 1976, a filin da ke gaban ofishin magajin gari, wasu matasa farare masu zanga-zanga suka far wa wani lauya baƙar fata, Ted Landsmark, ɗayansu yana kai masa hari da sandar tutar Amurka. Hoton abin ya zaga duniya.

Ƙasa da wata biyar bayan haka, ranar 26 ga Agusta, 1976, shekara 150 cif da buɗewar farko, aka sake buɗe Kasuwar Quincy, tafiyar 'yan mintuna daga inda aka yi wancan hari. Da yake ba a sami masu hayar dukkan shaguna ba, sai aka cike gurbin da ƙananan kurayen talla na masu sana'ar hannu, abin da daga baya ya zama alamar wurin. Jama'a suka yi dafifi fiye da yadda aka zata. An buɗe Kasuwar Kudu a 1977, ta Arewa kuma a 1978.

9.6 Auna Gadon: Riba da Hasara

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Riba ta farko ita ce aikin ya nuna wa biranen Amurka cewa tsohon gini jari ne. An ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 10 ne suka ziyarci wurin a shekararsa ta farko. Birane suka shiga kwaikwayo: Baltimore ya buɗe irin tasa a bakin ruwa a 1980, New York kuma a 1983. Idan aka kwatanta kasuwar da makeken filin bulon da ke gaban ofishin magajin gari, za a ga darasi a fili. An kashe kuɗi an tsara filin, amma a shekarun baya ya daɗe yana shan suka saboda a lokacin babu inuwa, babu wurin zama, babu abin da zai tsayar da mai wucewa. Ita kuwa tsohuwar kasuwa tana da abinci da inuwa da hayaniyar mutane. Ke nan faɗin fili ba shi ke yin dandali ba, dalilin zuwa shi ke yin sa.

Riba ta biyu ita ce zauren ya ci gaba da aikin da aka gina shi dominsa. A cikinsa Sanata Edward Kennedy ya bayyana takararsa ta shugaban ƙasa a 1979. A cikinsa Gwamna Mitt Romney ya sa hannu a dokar inshorar lafiya ta jihar a 2006. Har ila yau, a cikinsa akan rantsar da baƙin da suka zama 'yan ƙasa. Da aka rushe babbar hanyar nan mai ginshiƙai aka mayar da ita ƙarƙashin ƙasa, aka kuma buɗe lambun shaƙatawa a gurbinta a 2008, sai kasuwar ta sake haɗuwa da bakin teku.

Ta ɓangaren hasara kuwa, abu na farko shi ne wurin ya sauya masu shi a aikace. Mahauta da masu kayan lambu da suka ba kasuwar sunanta sun riƙa raguwa, masu sayar da abincin tafi-da-gidanka da kayan tsaraba da rassan manyan kantuna suka maye gurbinsu. Da yawa daga cikin 'yan gari suka fara kallon wurin a matsayin na baƙi masu yawon buɗe ido. Hayar ta sauya hannu a 2004 da kuma 2011, kuma a 2019 gidan abincin Durgin-Park, wanda ya samo asali tun ƙarni na 19, ya rufe. Abu na biyu shi ne an zargi White da cewa a wa'adinsa na baya ya fi mayar da hankali ga tsakiyar birni fiye da unguwannin talakawa, duk da cewa shi ne ya fara mulki da buɗe ƙananan ofisoshin magajin gari a unguwanni. Abu na uku, binciken cin hanci da gwamnatin tarayya ta yi a farkon shekarun 1980 ya kai ga hukunta wasu jami'an gwamnatinsa, ko da yake shi kansa ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Akwai kuma tambayar da gyaran bango bai amsa ba, wato batun sunan zauren. Masu fafutuka sun daɗe suna cewa bai dace wurin da ake kira na 'yanci ya ci gaba da ɗaukar sunan mai cinikin bayi ba. A watan Oktoba na 2023 majalisar birnin ta zartar da ƙudurin neman a sauya sunan, ko da yake ƙudurin bayyana ra'ayi ne, ba shi da ƙarfin tilastawa. Wasu kuma suna ganin a bar sunan, a rubuta gaskiyar tarihinsa a inda kowa zai karanta. Ita kanta wannan muhawara shaida ce cewa dandalin yana raye, domin ba a jayayya a kan abin da ba a damu da shi ba.

A shekarar 2006 aka kafa mutum-mutumin Kevin White na tagulla a kusa da zauren, yana cikin tafiya, kwat a kafaɗa. Ya rasu ranar 27 ga Janairu, 2012, yana da shekara 82.

9.7 Yadda Za a Koyar da Wannan Matani

Malami zai fara daga abin da ɗalibai suka sani zuwa abin da ba su sani ba. Kafin karatu, sai ya tambaye su wuraren da jama'a kan taru a garinsu, kamar ƙofar fada da filin idi da kasuwa da dandalin unguwa, da kuma waɗanda suka ɓace a cikinsu. Daga nan sai ya nuna musu Amurka da Boston a taswira, ya rubuta sunayen mutane da wurare a allo, a furta su tare.

Yayin karatu, ya dace a ja layin shekaru a allo daga 1742 zuwa 2023, ɗalibai su riƙa cike abin da ya faru a kowace shekara. Wannan yana koya musu jeranta tunani, wanda shi ne ƙashin bayan rubutun tarihi. Haka kuma matanin yana da kalmomin da za a yi darasin tsawon wasali da karin sauti da su. Kalmar "gado" ta abin da aka bari ta bambanta a furuci da "gado" na kwanciya, kamar yadda "fara" ta ƙwaro ta bambanta da "fara" ta launi da "fara" ta soma aiki, duk da cewa rubutunsu ɗaya ne. Bayan karatu, sai a raba aji gida biyu a yi muhawara a kan ribar aikin da hasararsa, malami yana lura da cewa kowace magana an kafa ta da hujja daga matani.

9.8 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa adana dandali ya wuce hana rushe gini. Faneuil ya gina zauren, Quincy ya faɗaɗa kasuwar, Collins da Logue da masana suka hana rusau, White kuma ya nemo hanyar da jama'a za su dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kason White a cikin aikin shi ne yanke shawara a lokacin da masu kuɗi ke shakka, da kuma riƙe mallakar wurin a hannun birni. Farashin da aka biya shi ne ciniki ya rinjayi zaman 'yan gari a kasuwar. Wanda zai rubuta tarihin shugaba wajibi ne ya ajiye waɗannan ɓangarori biyu a kan sikeli ɗaya.

9.9 Jinga

1. Me ya sa mutanen Boston suka kusa ƙin karɓar kyautar Peter Faneuil a 1740?
2. A kawo dalilai uku da suka jawo lalacewar Kasuwar Quincy bayan Yaƙin Duniya na Biyu.
3. A bayyana bambancin da ke tsakanin hana rusau da raya wuri, tare da misali daga matani.
4. "Faɗin fili ba shi ke yin dandali ba." A tattauna.
5. A gina jimla ɗai-ɗai da kowace ma'ana ta kalmomin "gado" da "fara".
6. A rubuta insha'i mai kalmomi 400 a kan wani wurin taruwar jama'a a garin ɗalibi: asalinsa, halin da yake ciki, da wanda alhakin kula da shi ya rataya a wuyansa.
7. A tsara darasin auna fahimta na minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ta amfani da sashe na 9.3.